Allurar Mai ta Kwanta a Bakin Rafi

Habila bai ga lokacin da allurar ta fara sauka ba. Hankalinsa na kan hadarin da ya yi baƙi ƙirin can gabas tun azahar, da kuma inuwar itatuwa da ta fara tsawo. Sai da ya taka birki a kan gangaren Rafin Ɗinya ya kai ido kan agogon ƙarfin baƙin mai na taraktarsa, ya tarar allurar da kullum take tsaye a tsakiya ta zo ta kwanta a kan ja. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ba ta motsa ba. Ya ƙara totur kaɗan, ta ɗan ɗago, ta koma ta kwanta. Ya kashe inji.

Matan da ke bayansa suna tsakiyar waƙa ne. Da ƙarar taraktar ta ɗauke, waƙar ta ɗan ci gaba ita kaɗai, sannan muryoyin suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Matan zumunta ne na cocinsu, zaune a kan tulin masarar da ta cika tirela. Masarar ta Victoria ce. Mijinta Jonah a wannan gonar ta ƙetaren rafi mutanen daji suka ɗauke shi bara, har yau babu shi babu labarinsa. Ita ta lallaɓa ta shuka gonar, amma da kaka ta yi babu namijin da ya ce zai raka ta karya, kowa ya ce nasa aikin ya sha masa kai. Sai Mairamu, matar Habila, wadda ita ce uwar zumunta, ta tashi a taro ta ce mata za su je. Taraktar mijinta kuwa ba ta ma tambaye shi ba, sanar da shi kawai ta yi a bakin tuwo.

Kowa a garin ya san dokar ƙetare: kada la'asar ta same ka a can. Bayan gonakin nan daji ne, kuma tun da ruwa ya fara ja baya ƙasa ta soma bushewa, baburan mutanen dajin suka sami hanya. To ga la'asar ta yi har ta fara sanyi.

"Baban Fibi, lafiya?" in ji Mairamu daga kan masara.

"Lafiya lau. Wani ɗan abu zan duba."

Ta dube shi, ta tattara zanenta ta sauko. Ta san irin wannan lafiya lau ɗin nasa tun suna saurayi da budurwa.

Rafin ya fara dubawa. Da safe da suka ƙetaro iyakarsa idon sawu, kana hango yashin ƙasa. Yanzu ya yi ja kamar kunun kanwa, yana tafe da kumfa da karare, alamar an tafka ruwa can sama. Ya karyo sanda ya shiga. Bai kai tsakiya ba ruwan ya kama masa cinya, yashi na zarewa daga ƙarƙashin ƙafarsa, da ƙyar ya juyo. Shi ke nan, batun a ce mata su ƙetare da ƙafa ya mutu. A cikinsu akwai masu goyo, akwai mai tsohon ciki, akwai tsofaffin da ko a tudu sai an jira su. Tarakta ce kaɗai mai tsawon ƙafar da za ta ratsa wannan ruwa, ita ma ba na dogon lokaci ba. Ya soka kara a bakin ruwan, ya ce wa Victoria ta sa masa ido.

Ya zaro geji, wato siririn ƙarfen da ake auna baƙin mai da shi, ya goge a wando, ya mayar, ya sake zarowa. Mai cike, har ya haye layin sama da kusan ɗan yatsa.

A nan ne ya kamata a ce hankalinsa ya kwanta, amma bai kwanta ba. Wannan tarakta ta girmi ɗiyarsa ta fari Fibi, kuma duk tsawon zamansu tare shan baƙin mai take yi, kowane mako sai ya ƙara mata. Bana, wajen noman biyu, ta daina. Ba ma dainawa kaɗai ba, in ya zaro geji sai ya ga man ya ɗan ƙaru. Habila mutum ne mai saurin ganin hannun Ubangiji a cikin al'amura, wannan ba laifi ba ne, sai dai wani lokaci ba ya tsayawa ya duba ko hannun wani abu ne dabam. Ranar Lahadin godiya ya tashi gaban jama'a ya ba da shaida cewa man taraktarsa ƙaruwa yake yi. Aka yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa, kuma wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce Mairamu.

Ya ciro waya. Babu sabis. Ya zaga nan, ya zaga can, sai da ya hau wani suri a gefen hanya sannan sandar sabis ɗaya ta fito. Ya kira Malam Awaisu, bakaniken da ke gyara masa tarakta a Bakori.

"Malam Awaisu, Habila ne. Ina ƙetaren Ɗinya da mata cike da tirela, allurar mai ta kwanta."

"Ƙetaren Ɗinya? Yanzu? Subhanallahi! Kai Habila, da hankalinka kuwa?"

"Faɗan ka ajiye mini sai na zo. Rafi na kawowa. Gaya mini abin da zan yi."

"Ka duba geji?"

"Cike yake, har ya wuce layi."

"To mu fara da mai sauƙi. Wataƙila agogon ne ke maka ƙarya, tsohon agogo ba abin yarda ba ne. Akwai siririn bututun da ya fito daga jikin inji ya tafi wurin agogon. Sassauta shi daga jikin inji, ka tayar da ita na ɗan lokaci kaɗan. In mai ya yi tsartuwa ya wanke maka fuska, ka gode wa Allah, ka ɗaure ka kama hanya."

Mutum ba zai iya tsayuwa kan suri kuma ya kasance a gindin inji ba. Habila ya miƙa wa Mairamu wayar. Ta cire takalmi ta haye surin, ta tsaya da waya a kunne, fuskarta na kallon daji.

Bai taɓa roƙon a watsa masa baƙin mai a fuska ba sai ranar. Ya sassauta bututun, ya murɗa makulli, inji ya tashi. Ya sunkuya yana jira, yana addu'a a zuci. Man ya fito, amma ba tsartuwa ba, zuba yake yi salalala yana bin jikin inji kamar ruwan wanke-wanke. Ya yi maza ya kashe.

"Ki ce masa yana fitowa, amma babu ƙarfi."

Mairamu ta faɗa a waya, ta saurara. "Ya ce agogo ya faɗi gaskiya ke nan. Ya ce ka shafo man ka murza tsakanin yatsu. Yana da danƙo?"

Habila ya murza. Babu danƙo ko kaɗan, yatsunsa na jin juna.

"Ya ce ka shinshina."

Ya kai hanci. Tun kafin ya kai ma ya san abin da zai ji, don zuciyarsa ta riga ta gaya masa tun da ya ga gejin nan. Warin man gas ne, wanda yake zubawa a tanki kowace safiya.

"Ya ce yaushe rabonka da ƙara mata baƙin mai?"

"Ki ce tun noman biyu. Ki ce... ƙaruwa yake yi da kansa."

Mairamu ta faɗa. Ta daɗe tana saurare. Da ta buɗe baki ba ta rage ko kalma ɗaya ba, ba ta kuma dube shi ba. "Ya ce in gaya maka baƙin mai ba akuya ba ne, ba ya haihuwa. Ya ce ƙaramin famfon gas ɗin da ke manne a jikin inji, robar cikinsa ce ta tsage. Gas ke ɗiga cikin kaskon mai kullum, ya tsinka shi, shi ya sa ba ya hawa da ƙarfi. Ya ce duk watannin nan ƙarafunan ciki cin juna suke yi."

A wani wurin, a wata ranar, da matan nan sun yi dariya har da riƙe ciki, don babu wadda ba ta yi tafi ba ranar shaidar. Yau babu wadda ta ko murmusa. Victoria ce ta yi magana daga bakin ruwa, murya ƙasa-ƙasa: "Baba, ruwa ya kai rabin karan."

"Tambaye shi, in na shiga haka fa?" in ji Habila.

"Ya ce in ka shiga da wannan man, da wannan kayan, yana tsoron ta buga maka a tsakiyar ruwa."

Habila ya dubi rafin, ya dubi tirelar. Wata yarinya mai goyo ta kafe shi da ido, tana jijjiga ɗanta ba tare da ɗan ya yi kuka ba. Ya hango tarakta a mace a tsakiyar jan ruwan nan da mata a kai, ya kuma hango su a wannan gaɓar duhu ya rufa. Tsoro ya kama shi sosai.

"Ba ni da wani man a nan. Ki gaya masa ba ni da ko cokali."

"Ya ce kana da shi, a kansa kake zaune. Ya ce man akwatin giya na baya, yana da yawa kuma yana da kauri. Ka zubar da na inji duka, ka kwance notin ƙasa na baya ka tara, ka ɗura a inji. Famfon ka bar shi, aikin gobe ne." Ta sake saurare. "Ya ce ka bi ta a hankali, kada ka matsa mata. In allura ta sake kwanciya ka kashe nan take. In ka bari ta buga, sai dai 'yan gwangwan su zo su auna ta a sikeli. Ya ce... Halo? Malam? Halo?"

Sabis ya tafi. Ta ci gaba da tsayuwa a kan surin duk da haka, don daga nan ana hango bakin daji.

Habila ya shige ƙarƙashin tarakta da sufana. Notin kaskon inji bai ba shi wahala ba, man ya zubo da zafinsa ya bi masa hannu har gwiwa, bai ma ji ƙunar ba sai daga baya. Aka sauko da tukunyar da aka dafa shinkafa da waken gayya, mata suka sa ɓawon masara suka goge ta tas. Na baya ne ya ƙi. Notin nan ya yi shekaru ba a taɓa shi ba, tsatsa da laka sun haɗe shi da jikin ƙarfe. Ya ja, ya tokare da ƙafa ya ja, sufana ta zame ta ɓare masa bayan yatsu. Dole ya nemi dutse.

Bugun farko ya yi ƙara ƙwal, ƙarar ta tafi cikin daji ta dawo. Matan duk suka zabura. Ya tsaya yana saurare, babu komai sai gurnanin ruwa. Ya sake bugawa. Duk bugu ɗaya ji yake kamar kiran mutanen yake yi da hannunsa, amma babu yadda zai yi. Can notin ya saki, mai ya fara zuba cikin tukunya, mai kauri, a hankali, ko a jikinsa.

"Baba, karan ya nutse," in ji Victoria.

Tukunya ta kusa rabi ke nan sai Mairamu ta sauko daga surin. Ba gudu ta yi ba. Ta zo ta durƙusa kusa da tayar baya, ta leƙo shi.

"Baban Fibi, ina jin babura."

"Ko manoma ne."

"Manoma ba sa tafiya da yawa haka."

Ya kasa kunne. Da farko bai ji ba. Sannan iska ta juyo da shi, can nesa, wani zuuu mai kauri da ba na babur ɗaya ko biyu ba. Ya ɗauke, ya dawo. Matan ma sun ji. Babu wadda ta yi ihu, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Masu goyo suka sauko da 'ya'yansu suka sa musu nono a baki. Wata tsohuwa ta fara kiran sunan Yesu a hankali, ba ta ƙara komai a kai ba, sunan kawai take maimaitawa.

Ya mayar da notin baya da na kaskon inji, ya ɗaure iya ƙarfinsa. Aka yanke gindin robar ruwa aka yi mazurari. Da ya ɗaga tukunyar sai mai ya riƙa zuba a gefe. Mairamu ta karɓe, ita ta ɗura, shi ya riƙe mazurari. Man nan kuwa sauka yake da nawa, yana taruwa a wuya sai an jira shi. Ƙarar baburan ta daina ɗaukewa.

Ya zaro geji da sauri, mai ya taɓa layin ƙasa ya ɗan haye. Ya isa. Ya ɗaure bututun agogo, ya haye kujera.

Victoria ta riƙo masa riga. "Baba, mu zubar da masarar. Don Allah a zubar, ba na so. Saboda ita na kawo mutane nan."

"In babu nauyi ruwan zai ɗauke tirelar. Masararki ce za ta danne mu. Hau!"

Ya murɗa makulli. Batir ya yi nishi, ya sake nishi, inji ya kama. Idonsa na kan agogo. Allurar ta yi kamar ba za ta tashi ba, sannan ta ɗago, ta bar ja, ta hau kaɗan ta tsaya tana rawa. Ba ta kai inda ta saba ba, amma ta tashi. Ya sa ƙaramar giya ya saki kuloc.

Ruwan ya karɓe su da duka. Tayoyin gaba suka ɓace gaba ɗaya, ruwa ya hau har kan matakin da yake ɗora ƙafa. Ya ji sitiyari ya yi sakwaf a hannunsa, sannan ya ji tirela ta fara karkata, bayanta na bin ruwa. Wata ta saki ƙara, wata ta toshe mata baki. Ƙafarsa da hannunsa duk so suke su danna totur har ƙarshe, ya hana su. A hankali, in ji Malam Awaisu. Manyan tayoyin suka yi ta haƙa yashi suna kamawa, suna haƙa suna kamawa. Wani kututture ya zo ya daki gefen tirela ya wuce. Daga nan hancin tarakta ya fara ɗagawa, ruwa na zuba daga jikinta, suka dafa gaɓar gida.

Daga rafin zuwa inda gonakin dawa suka fara akwai hawa mai tsawo, fili fetal, babu ko bishiyar kirki. Sun ci kamar sulusinsa ya ji an kwaɗa kira daga baya.

"Kai mai tarakta! Tsaya nan!"

Ya waiga sau ɗaya. Mutanen dajin sun cika gaɓar da tarakta ta baro, a kan kowane babur mutum biyu ko uku, bindigogi a rataye. Ɗaya ya tura babur ɗinsa cikin ruwa, ya ga ba dama, ya ja da baya. Rafin ya hana babura, amma ba zai hana harsashi ba.

"Ku kwanta!" in ji Mairamu. "Kowa ta kwanta kan masara!"

Da ya juyo da kansa gaba sai idonsa ya faɗa kan agogo. Allurar na sauka. Yana kallonta ta shiga ja, ta je ƙarshe ta kwanta.

Hannunsa ya tafi wurin kashe inji da kansa, don abin da aka ce masa ke nan, kuma abin da ya yi ke nan duk rayuwarsa in ya ji tarakta ta canza murya. Da ita ya ciyar da gidansa, da ita ya kai yara makaranta, ba shi da wata kuma ba zai sake samun wata ba, ya san wannan sarai. In ya kashe yanzu za ta gyaru. Za su kuma tsaya cak a tsakiyar fili, mata su sauko ɗaya-ɗaya a gaban bakin bindiga.

Aka harba. Bai san ko sama aka yi ko su aka nufa ba, ya dai ji tsuntsaye sun tashi. Ya janye hannunsa, ya kama totur ya ja shi har ƙarshe.

Taraktar ta yi wani kuka da bai taɓa ji ba, ta zabura. Can cikin inji wani abu ya fara ƙwas-ƙwas, a hankali, sannan ya koma ƙwanƙwasa sosai kamar ana dukan turmi da ƙarfe. Hayaƙi fari ya turnuƙe daga salansa, warin ƙonannen ƙarfe ya cika masa hanci. Yana jin kowane bugu a cikin haƙarƙarinsa. "Yi haƙuri," yake ce mata, bai san a fili yake faɗa ba. "Yi haƙuri, kaɗan ya rage." Aka sake harbi, sau biyu. Bai waiga ba.

Dawa ta bana ta yi tsawo, ta fi mutum a kan tarakta. Hanya ta kutsa cikinta ta yi kwana, karare suka rufe bayansu, rafin da masu rafin suka ɓace. Taraktar ta ƙara 'yar tafiya, ta yi wata ƙara gau, ta girgiza, ta tsaya. Ba shi ya kashe ta ba.

Matan suka riƙa dirowa. Aka sauko da tsofaffi, aka kama mai ciki ta kowane gefe, suka bi siririyar hanyar cikin dawa da ke ɓullawa bayan gari. Daga nan ana jin kiran sallar magariba daga masallacin bakin kasuwa. Victoria ta tsaya za ta yi magana, Mairamu ta tura ta gaba.

Habila na zaune, hannu biyu a kan sitiyari. Inji na ta ƙananan ƙararraki na hucewa, baƙin mai na ɗiga ƙasa ta wata tsaga da ba ta nan ɗazu.

"Baban Fibi, sauko mu tafi."

"Ta buga, Maman Fibi."

"Na ji lokacin da ta buga. Na duba su ɗaya-ɗaya, babu wadda ko ƙwarzane ta samu. Sauko."

Bai sauko ba. Sai da ta hau matakin ta ɓamɓare yatsunsa daga sitiyari, ta ba shi kafaɗa, sannan ya iya taka ƙasa. Suka shiga dawar, ita a gaba riƙe da hannunsa mai ƙuna, shi yana binta. Har yanzu yana jin ƙwas-ƙwas ɗin nan a kunnensa, ya yi ta waige yana mamakin yadda mataccen inji zai ci gaba da bugawa. Sun yi nisa kafin ya gane haƙoransa ne.